Mai Fartanya a Bayan Alhamra

Duk baƙon da ya sauka a Garnaɗa, birnin da taswirar yau take rubutawa Granada a kudancin Sifaniya, Alhamra ce ta kawo shi. Mutum sama da miliyan biyu da rabi suke shiga fadar a shekara. Don kada cunkoso ya cinye ta, sai an yanki tikiti tun da wuri, kuma a jikinsa an rubuta lokacin da mutum zai shiga ɗakunan sarakunan Banu Nasar. Wanda ya makara ya yi asarar kuɗinsa. Hotunan da ake komawa gida da su kusan iri ɗaya ne: zakunan marmara 12 da suka goyi kwatarniya suna zubo ruwa ta baki, dogon tafkin da hasumiya take kallon kanta a ciki, da wata matakala a lambun Generalife wadda aka fafe bangayenta biyu, ruwa yana gangarowa daidai inda hannu yake dafawa, mai hawa yana tafe yana tsoma yatsu. To, a ɗauke ruwan daga waɗannan hotuna a ga abin da zai saura. Jan bango ne a kan tudu, da kyakkyawan rubutu a jikin gini, da zafin da ba zai bar kowa ya tsaya karanta shi ba.

Tudun da aka ɗora fadar a kai, Sabika, ba shi da ruwan kansa. Kogin Darro yana wucewa ta gindinsa, can ƙasa cikin kwazazzabo, inda ido zai gan shi amma guga ba zai kai ba. Da Muhammadu ɗan Ahmar ya zaɓi wurin a 1238, magudana tana cikin abubuwan farko da ya sa aka yi. Magina suka bi kogin sama, tafiyar wajen kilomita shida, har inda ya fi tudun bisa, suka tare shi a can, suka jawo ruwan ta gefen tsauni da ɗan gangaren da ido ba ya ko lura da shi, har ya shigo ta saman lambuna ya sauka cikin fada. Ba inji, ba famfo, sai nauyin ruwa da lissafin wanda ya san ƙasa. Sai da ruwa ya iso sannan sansanin soja ya zama gari mai masallaci da ɗakunan wanka da majema da gonakin kayan miya. Mai yi wa baƙi jagora yakan ambaci magudanar a taƙaice, a wuce wurin zakuna. Ni kuwa a ganina ita ce babban abin kallo a Andalus, ita da 'yan'uwanta da ke kwance a bayan ƙauyuka, kuma wanda ya fahimce ta ya fahimci ƙasar, har da rigimar da ake yi a cikinta yau.

Sai an san yadda ƙasar take kwance sannan maganar za ta fito. Andalusiya ta yau yanki ne mai larduna takwas, faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 87,000, mutanenta wajen miliyan takwas da rabi. Ba ita ce dukan Andalus ta littattafan tarihi ba, wadda a zamanin ƙarfinta ta haɗa mafi yawan Sifaniya da Fotugal. Wannan gindinta ne, inda mulkin Musulmi ya fara a 711, ya kuma ƙare a 1492. Daga arewa duwatsun Sierra Morena sun tokare ta. A tsakiya akwai kwarin kogin Guadalquivir mai tsawon kilomita 657, wanda ya taso daga duwatsun Cazorla, ya ratsa Ƙurɗuba da Ishbiliya, ya faɗa Tekun Atilantika. Daga kudu kuma wasu tsaunukan ne suka bi gaɓar Bahar Rum, mafi tsawonsu Mulhacen a Sierra Nevada, kusan mita 3,480, wanda babu kamarsa a Sifaniya da Fotugal in an cire tsibirai. Kusa da Tarifa, ƙarshen ƙasar, kilomita 14 ne tsakanin mutum da Maroko.

Hadari daga yamma yake tasowa, daga Atilantika, kuma tsaunukan da ya fara cin karo da su su suke kwashe kaso mafi tsoka. Garin Grazalema yana samun wajen milimita 2,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Sifaniya. Kafin hadarin ya kai gabas ya tsiyaye. A Cabo de Gata da ke lardin Almeriya da ƙyar ake haɗa milimita 200, abin da Damagaram ma ta fi shi nesa ba kusa ba. A wannan lardin hamadar Tabernas take, inda Sergio Leone ya ɗauki fina-finan kaboyi da Clint Eastwood a shekarun 1960, kuma garuruwan katakon da aka gina don fim suna nan har yau ana biya a shiga.

Rabon lokaci ya fi rabon wuri tsanani. A wurinmu ruwa da ɗumi tare suke zuwa, shuka ta samu biyun a damina guda. A Andalus sun raba gari. Ruwa da sanyi yake sauka, daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa sama takan bushe ƙayau, rana ta buɗe wuta. Ranar 14 ga Agustan 2021 an auna digiri 47.6 a garin La Rambla na lardin Ƙurɗuba, zafi mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a Sifaniya. Alkama da inabi da zaitun sun iya zama da wannan tsari. Shi ya sa lardin Jayyan, mahaifar Ibn Malik mai Alfiyya da ɗaliban nahawu suke haddacewa a zaurukanmu, ya zama dajin zaitun, itace sama da miliyan 60 a jere kan tuddai har iyakar gani. Amma shukokin da Musulmi suka yaɗa a ƙasar, rake da shinkafa da auduga da lemo da yalo, na zafi ne, kuma masu ƙishirwa ne. Wanda yake son su dole ya nemi yadda zai jinkirta ruwan Janairu ya kai Agusta. Rumawa sun bar wasu hanyoyin ruwa, na birane musamman. Waɗanda suka zo bayansu su suka kai magudana kowane lungu da kowane kwari.

A Ƙurɗuba tururuwa ake yi zuwa babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa a 785, mai ginshiƙai wajen 850, wanda ya koma coci a 1236, aka kuma dasa masa majami'a a tsakiya cikin ƙarni na 16. Kafin a shiga ana ratsa farfajiyar itatuwan lemo, kuma wanda ya sunkuyar da kai zai ga siraran hanyoyin ruwa suna bi daga gindin wannan itace zuwa na gaba. Sai dai abin ya fi fitowa a cikin unguwanni, a watan Mayu, lokacin da masu gidaje suke buɗe ƙofa kowa ya shigo ya ga tsakar gidansu. Gasar ƙawata tsakar gidajen ta fara a 1921, UNESCO kuma ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake karewa a 2012. Da yawa daga gidajen ba na attajirai ba ne, gidajen haya ne na da, iyalai da dama suna tarayya a tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, wurin wanki ɗaya. An shafe bango da farar ƙasa, an rataye tukwanen furanni tun daga ƙugu har kusa da rufi. Kayan aikin ban-ruwan doguwar gora ce da aka ɗaura wa gwangwani a kai. Matar gida ta cika gwangwanin daga bokiti, ta ɗaga gorar, ta karkata shi a bakin tukunya guda, ta sauke, ta sake cikawa. In tukwanen ɗari uku ne, sau ɗari uku za ta ɗaga, wuyanta a tanƙware tana kallon sama, kuma ta san wadda take shan rabin gwangwani da wadda sai an ƙara mata. Baƙo fure yake gani. Sanyin da ya buge shi da ya shigo daga titi kuwa, wannan gwangwanin ne ya saye shi.

Ba kowane labarin ruwa ne mai daɗin ji ba, kuma gara a faɗa tun kafin mutum ya ɗauka zamanin da duk lambu ne da ƙamshi. A Ronda, garin da wani rami mai zurfin wajen mita 100 ya raba biyu, kowa gadar da aka gama a 1793 yake ɗauka hoto. Kusa da ita akwai matakala sama da 200 da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 14, ta sauka har bakin kogi, don garin ya samu na sha in an yi masa ƙawanya. Fursunonin yaƙi Kiristoci ne suke hawa da sauka da salkuna a cikin duhunta. A 1485 mayaƙan Kiristoci na masarautar Kastila suka tare bakinta na ƙasa, garin bai jima ba ya miƙa wuya.

Wanda yake son ganin magudana tana aikinta, ba a matsayin kayan tarihi ba, sai ya bar birni ya zaga kudancin Sierra Nevada, yankin Alpujarra. Ƙauyukan Pampaneira da Bubion da Capileira sun maƙale a jikin kwarin Poqueira, ɗaya bisa ɗaya, farare fat, rufinsu shimfiɗaɗɗe na yumɓu mai ruwan toka, irin na ƙauyukan tsaunukan Atlas a Maroko. A Pampaneira ruwa a buɗe yake gudu ta tsakiyar lungu. Motocin baƙi suna tsayawa, a sayi dardumar saƙa, a sha daga famfon dandali, a ɗauki hoto, a juya. Ba kasafai ake tambayar inda ruwan ya fito a watan Agusta ba, alhali rabon sama da zubarwa an yi wata biyu, dusar ƙanƙarar kan tsauni kuma ta narke tun tuni.

Amsar tana can sama, wajen mita 2,000, inda itatuwa suka ƙare. Da ƙanƙara ta fara narkewa a Maris da Afrilu, rafuka sukan cika su batse, kuma in an ƙyale su, cikin 'yan kwanaki ruwan ya kai teku. Sai mutanen ƙauye su tare wani kaso tun daga sama, su juya shi cikin wata irin magudana da suke kira careo. Ita wannan ba gona take kai wa ruwa ba. Gefen tsauni take bi a kwance, tafiyar kilomita da yawa, sannan a saki ruwan da gangan a wuraren da kakanni suka gano ƙasa tana sha: wata makiyaya, wani tsagin dutse. Ruwan ya nutse, ya ɓace. Bayan makonni, wani wurin watanni, sai ya ɓullo a maɓuɓɓugai can ƙasa kusa da ƙauye, daidai lokacin da rafi ya ja baya. Shuka ruwa suke ce wa aikin. Tsaunin ya zama musu rumbu, a zuba lokacin yalwa a ɗiba lokacin rashi, kuma rana ba ta shan abin da ke cikinsa yadda take shan na madatsa. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa na Sifaniya da suka yi bincike a kwarin Berchules sun gano cewa wata magudana a can tana wannan aiki tun wajen ƙarni na 11. An ƙiyasta tsawon magudanun Sierra Nevada, na shuka ruwa da na ban-ruwa, ya haura kilomita 3,000.

Kusan dukansu na ƙasa ne da dutse, don haka sanyi guda ya isa ya ɓata su. Kowace shekara kafin a saki ruwa sai an yi gayyar yasa. Masu haƙƙin ruwa suna hawa da fartanya da shebur, a kwashe laka da tsakuwa da ganyen da suka taru, a sare saiwoyin da suka kutso, a toshe ramukan ɓeraye. Inda gaɓar da ke kallon gangare ta zabtare, sai a yanko ƙasa haɗe da ciyawarta a jera, a tokare da falalen dutse, a tattake da ƙafa. Wanda ya fi gona shi ya fi bashin aiki. Wanda ba zai iya zuwa ba ya turo wani ko ya biya. Ranar da aka buɗe, mai kula da magudana yakan biyo ruwan a ƙafa, yana tafe da goshinsa, yana janye tarkacen da ya turo, yana duban inda yake tsiyaya fiye da ƙima. Daga nan sai rabo. Da sa'a ake yi, kowace gona da lokacinta, ƙofar kuwa falalen dutse ne ko ɗan farantin ƙarfe da ake zarewa a mayar. In layin mutum ya faɗo ƙarfe uku na dare, ƙarfe ukun zai tashi da fitila, domin ruwa ba ya jiran gari ya waye.

Abin lura a nan ba tsufan dabarar ba ne, kuma ba wai mutanen tsauni sun fi kowa tsoron Allah ba. Ruwan magudana a fili yake. Kowa yana iya tsayawa a bakinta ya ga yawansa. In shekara ta zo da ƙarancin ƙanƙara, ba sai an kira taro an karanta wa kowa rahoto ba, ido ya gani, a rage sa'o'i, kowa ya rage shuka. Wanda ya saci ruwa da dare, gonarsa ce za ta tona shi da safe, ga ta jiƙe sharkaf a ranar da ba tasa ba. Na sama ya san na ƙasa yana kallonsa, kuma ya san zai neme shi ranar gayya. Ana faɗa, ana ƙara, wani lokacin har da fasa kai, amma faɗa ne a kan abin da kowa yake gani kuma yake iya aunawa. Ba a iya cin na shekara mai zuwa a bana, don magudana ba ta ɗauke da shi.

Ko waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi sun gane haka. Bayan faɗuwar Garnaɗa an ƙone littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla, an tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, daga baya aka hana harshe da sutura, aka rufe ɗakunan wanka. Jadawalin ruwa kuwa ba a taɓa shi ba. A 1501 sabbin sarakunan suka kafa kotun ruwa a birnin, tana hukunci bisa al'adar da ta tarar. Ƙararrawar da aka rataya a hasumiyar Vela ta Alhamra, wadda baƙi suke hawa yau don hango gari, ɗaruruwan shekaru ta yi tana kaɗawa da dare don manoman kwarin Garnaɗa su san lokacin da ruwa zai bar wannan gona ya koma waccan. Bayan tawayen Alpujarra na 1568 zuwa 1571 an kwashe mutum wajen 80,000 daga jikokin Musulmi an watsa su cikin Kastila, aka kawo baƙi daga wasu larduna aka ba su gonakin. Ma'aikatan sarki da suka zo rubuta rabon filaye sai da suka nemi 'yan ƙalilan da suka rage cikin tsofaffin masu ƙasar, su nuna musu iyakoki, su faɗi wace magudana ce take shayar da wace gona, kuma a wace rana. An iya korar mutanen, ba a iya yin noma ba tare da abin da ke kansu ba.

Abin da yaƙi bai rusa ba, injin jan ruwa ya girgiza shi cikin shekara sittin. Kada a yi wa injin butulci. A da Almeriya tana cikin lardunan da suka fi talauci a Sifaniya, 'ya'yanta suna guduwa Barselona da Jamus neman abinci, filin Campo de Dalias kuwa ban da awaki babu mai amfana da shi. Gwamnati ta haƙa rijiyoyi, aka kafa rumfar leda ta farko a 1963, yau rumfunan sun rufe sama da hekta 30,000, farinsu har daga sararin samaniya ana ganinsa. Tumatir da tattasai da kokwamba da ake ci a Jamus da Faransa da Ingila da tsakar sanyi, da yawansu daga nan suke. Masu tsinkar su kuwa akwai 'yan Maroko da Senegal da Mali da Ghana, wasu suna kwana a bukkokin leda da katako a bayan gonakin, wurin da babu motar baƙi da take bi. Manoman ba masu almubazzaranci ba ne, ɗigo-ɗigo suke ba shuka ruwa ta siraran bututu. Matsalar ita ce rijiyar burtsatse ba ta nuna gindinta. Kowa yana jan nasa a bayan shingensa, babu mai ganin na maƙwabci, babu kuma mai ganin abin da ya rage. Sai da ruwan teku ya kutso ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi suka fara ba da gishiri, sannan aka yarda an wuce gona da iri. Yanzu masana'antun tace ruwan teku, irin ta Carboneras, su suke cike giɓin, da tsadar wutar lantarki.

A yamma, inda Guadalquivir yake shiga teku, akwai fadamar Doñana, gandun da aka keɓe tun 1969, zangon tsuntsayen da suke ƙaura tsakanin Turai da fadamun Senegal da Mali. Gonakin sitiroberi na lardin Huelva sun kewaye ta da rijiyoyi, da yawa ba izini, ga kuma garin shaƙatawa na Matalascañas yana ja ta ɓangaren teku. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta samu Sifaniya da laifin sakaci da ruwan ƙarƙashin gandun. A 2022 tafkin Santa Olalla, mafi girma cikin waɗanda ba su saba ƙafewa ba, ya bushe ƙurmus, ya sake bushewa a 2023. Ƙarshenta gwamnati ta koma tayin kuɗi ga manoma don su daina ban-ruwa.

Shi ma ɗan yawon buɗe ido yana cikin lissafin, ko ya sani ko bai sani ba. Baƙi sama da miliyan 30 suke zuwa Andalusiya a shekara, na gida da na waje, kuma sun fi yawa a watannin da ba a ruwa. Gaɓar Costa del Sol, daga Malaga zuwa Marbella har gaba, otal ne da tafkunan wanka da gomman filayen wasan golf kore shar. A gabashin Malaga kuma tuddai sun cika da fiya da mangwaro, itatuwan da asalinsu na ƙasashen damina ne. Farin da aka yi daga 2022 ya tona asirin kowa. Man zaitun da Sifaniya ta samu ya faɗi da kusan rabi, farashi ya yi tashin gwauron zabo har wasu kantuna suna sa wa kwalabe makulli. Madatsar La Viñuela ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, manoma suka sare itatuwan fiya, wasu garuruwa ana ɗauke musu ruwa da dare. A farkon 2024 hukuma ta ce otal-otal za su iya cika tafkunansu amma masu gidaje ba za su cika nasu ba, aka yi ta cece-kuce har ruwan sama ya zo ya raba gardamar. Ba na ganin laifin baƙon da ya buɗe famfo a ɗakinsa ruwa ya zo. Babu abin da ke jikin famfon da zai gaya masa daga bakin wa aka ɗauke shi.

Abin mamaki, maganin da injiniyoyi suka daɗe suna rubutawa shi ne a kashe magudanar ƙasa. A lissafinsu tana yoyo: an saki lita ɗari a sama, abin da ya isa gona bai kai haka ba, saura asara ce. Don haka a shafe ta da siminti ko a sa bututu. A wasu wuraren da aka yi haka lissafin takarda ya gyaru, sai kuma manyan itatuwan da suke bakin hanyar ruwan suka fara bushewa, maɓuɓɓugar da ke ƙasa da su ta ja baya, wanda yake sha daga ita bai san ma an yi wani aiki a sama ba. Ashe abin da ake kira asara rabon wani ne: na itace, na dabba, na ƙauyen da ke gangare. Sau da yawa kuma ruwan da aka ce an tsimar ba ya komawa kogi, sabuwar gona ake buɗewa da shi. Ba cewa nake bututu ba shi da wurinsa ba. A fili mai faɗi, inda ruwan da ya nutse ba ya amfanar kowa, yana da shi. A kan tsauni ne ya kamata a fara tambayar inda yoyon yake zuwa kafin a toshe shi.

Babban abokin gabar magudanun Alpujarra dai ba siminti ba ne, rashin mutane ne. Tun shekarun 1960 ƙauyukan suke zubewa, matasa suna bin albashi zuwa birni da bakin teku, gayya tana ƙanƙancewa, har wasu magudanun aka daina hawa wurinsu, ƙaya da zabtarewar ƙasa suka binne su. A 2014 wani rukunin masu binciken tarihi na Jami'ar Garnaɗa, ƙarƙashin José María Martín Civantos, ya haɗa kai da ƙungiyar masu ban-ruwa ta ƙauyen Cañar, aka gayyato ɗalibai da 'yan sa-kai, aka tono magudanar Barjas wadda ta shekara da shekaru a toshe. Da hannu aka yi aikin, da fartanya da shebur, dattawan ƙauye suna gaba suna nuna inda tsohuwar hanyar ta bi da inda ake sakin ruwa ƙasa ta sha, ɗalibai suna biye suna haƙa suna sa alama a taswira. Ruwa ya sake gudu, kuma daga nan rukunin ya ci gaba da farfaɗo da wasu a lardunan Garnaɗa da Almeriya. Baƙon da ya zo a watan Maris ko Afrilu yana iya ba da sunansa a sa shi cikin masu yasa, ya wuni a kan tsauni, ya koma masauki da kanta a tafin hannu. Ɗaliban dai in zango ya ƙare gida suke komawa, magudanar kuma sai an sake yashe ta baɗi da baɗin baɗaɗa. Mazauna Cañar ba su kai 500 ba, kuma da yawa daga masu haƙƙin ruwan sun manyanta.